Wai ku ya kuke yi kanku bai fashe ba?

Babban Wa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau ba siyasa na zo da ita ba, tambaya ce kuma dan Allah kar a maida ita wasa. Wai ku ya kuke yi kanku bai fashe ba? Shekarata 37, ni ne babba a gidanmu mu tara, Baba ya rasu shekara shida kenan, ina da mata da yara huɗu, ga Hajiya da maganin suga duk wata, ga ƙanne biyu a jami'a, ga ɗaya ana maganar kayan ɗakinta bayan babbar sallah. Albashi in ya shigo 28 ga wata wlh kafin 8 ga sabon wata ya zama labari. Amma yanzu ba ma kuɗin ne ya fi damuna ba, jikina ne. Waya in ta yi ƙara gabana sai ya yanke ya faɗi tun ban duba waye ba, da dare kuma in na farka ƙarfe biyu to an gama, lissafi zan ta yi har kiran assalatu, in je ofis ina hamma, in dawo gida yaro ya zubar da ruwa kawai in hau shi da faɗa kamar ya yi kisan kai. Jiya ƙaramar tana ganina ta ruga bayan uwarta, abin ya tsaya min a rai. Ba taimakon kuɗi nake nema ba, so nake in ji abin da mutum yake yi kullum kullum da yake sa yana iya ɗauka.

Mai Zaure:
Wa alaikumus salam. Allah ya kawo sauƙi Yaya. Jama'a a bar turo bidiyon barkwanci na ɗan lokaci a ba shi amsa.

Bazazzagi:
Wa ya ce maka bai fashe ba, namu ya daɗe da fashewa hula ce kawai take riƙe da shi

Ustazu:
Allah ya yaye ɗan'uwa. Ni abin da na riƙe addu'ar nan ce da Anas bin Malik ya ce yana yawan jin Manzon Allah (SAW) yana yi, tana cikin Bukhari: Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan, wal ajzi wal kasal, wal bukhli wal jubn, wa dala'id daini wa galabatir rijal. Ka duba fa, damuwa da baƙin ciki ne a farko, nauyin bashi da rinjayen mazaje a ƙarshe, kamar an zana rayuwar magidancin yau. Sannan sallar asuba a jam'i kar ka tashi da sauri, zauna ka yi azkar ko na minti goma ne kafin ka taɓa waya. Mafi yawanmu da waya muke buɗe ido, saƙon farko na mai bin bashi ne, to ranar ta riga ta ɗaci tun ba a karya ba.

Ɗan Kwari:
Ku ma'aikata ai kuna da 28 ga wata da kuke jira. Mu a Kantin Kwari yau ka yi ciniki gobe ka wuni kana korar ƙuda, ka sayar da atamfa ka koma sari ka tarar kuɗin ba zai sayo rabinta ba. Lokacin canjin kuɗi farkon 2023 na rame har matata ta ɗauka wani ciwo nake ɓoye mata. Abin da na koya tun daga nan guda biyu ne. Littafin bashi ba ya bina gida, kafin magariba na rufe lissafi na kulle shi a shago da kwaɗo, wanda bai biya ba sai gobe, don ko na tafi da shi gida ba cikin dare za a biya ni ba. Na biyu majalisa. Bayan isha'i ina zama wajen mai shayin layinmu, a yi musun ƙwallo a zagi mai tsaron gida a yi dariya, in Pillars na wasa a Ƙofar Mata kuma ina rufe shago in je in yi ihu son raina. Wlh ihun nan magani ne.

Maman 'Yan Biyu:
Toh fa an zo wajen. Alhaji kai ka kulle littafinka da kwaɗo ka tafi majalisa, ita wadda take gida da me za ta kulle nata? Nata littafin yana kuka yana neman nono yana fitsarin kwance. Ku maza in an ce damuwa sai ku ɗauka ku kaɗai aka yi wa ita. Ni ina koyarwa a firamare, ƙarfe huɗu da rabi nake tashi in hura gawayi don gas ya fi ƙarfinmu sai dai a lallaɓa shi don shayin safe, in yi wa yara biyar wanka in zuba abinci a kula in tsaya neman adaidaita, in je in yi ihu da yara sama da saba'in a aji ɗaya, in dawo wanke-wanke na jirana, shi kuma maigidan sai sha ɗaya zai shigo daga majalisar ya tambaya wai me ya sa fuskata a ɗaure. Majalisar nan taku ita ce rabin hawan jinin mata wlh.

Ɗan Kwari:
Hajiya a yi haƙuri ni awa ɗaya nake yi

Maman 'Yan Biyu:
Duk haka kuke cewa. Awa ɗayanku irin na tela ne da ya ce dawo gobe.

Bazazzagi:
Bakano da awa ɗaya, ai sai dai in ba a kawo maganar kuɗi ba

Maman 'Yan Biyu:
Bari dai in amsa wa Yaya tambayarsa tunda ita aka yi. Ni abin da ya cece ni rage wa safiya aiki. Da dare nake haɗa komai, yunifom a goge ko a ninke a sa ƙarƙashin katifa in ba wuta, wake a gyara a jiƙa, takalma a jere a bakin ƙofa, don faɗan safe da yara yawanci a kan safa ɗaya da ta ɓata ne. Ran Lahadi nake niƙa kayan miya in tafasa shi ya tsotse sosai, in an zuba mai a kai yana kwana biyu uku ko firij ba wuta. Sai kuma minti ashirin ɗina. Bayan isha'i ina shiga ɗaki in sa sakata, babbar ta san aikinta ne ta kula da ƙannenta, ba na komai fa, wani lokacin ina kwance ne kawai ina kallon silin, da farko har kunya nake ji kamar na yi laifi, yanzu kam ko 'yan biyun sun san in Mama ta sa sakata ba a bugu sai in jini ne ko wuta. Ran Asabar islamiyyar matan aure, karatun da hirar hanya duka ina ƙaruwa da su. Kitso ma in na je ba na gaggawar tashi.

Malamar Asibiti:
Yaya na karanta naka sau biyu. Ni nas ce shekara sha huɗu, bari in yi magana da bakin aikina kaɗan. Faɗuwar gaban nan ba tsoro ba ne irin na ragwanta, jiki ne yake sakin sinadaran shirin gudu ko faɗa, adirenalin da kotisol, zuciya ta ƙara bugu jini ya hau numfashi ya gajarce. An halicce su ne don hatsari na ɗan lokaci, kare ya biyo ka ka tsere abin ya sauka. To kai karenka waya ce kuma tana aljihunka dare da rana, jikin bai samu ya sauka ba. Abu na farko gobe ba jibi ba ka je a auna jininka, ko a kemis mai na'ura ne, ka zauna ka huta minti biyar kafin a ɗaura. Wajen 120/80 shi ake so, in ana samun 140/90 ko sama a awo daban daban ranaku daban daban to sai ganin likita. Hawan jini ba ya sallama, muna karɓar 'yan shekara talatin da wani abu da shanyewar ɓarin jiki kuma kowa sai ya ce lafiyarsa ƙalau jiya.

Na biyu tafiya a ƙasa. Hukumar lafiya ta duniya tana cewa minti 150 a sati na motsa jiki matsakaici, wato minti 30 sau biyar, ba sai ka sayi kayan 'yan ƙwallo ba, daga masallacin asuba ka zagaya unguwa da ɗan sauri ka dawo. Gishiri kuma ƙasa da giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen da ake jefawa biyar shida a tukunya shi ma gishiri ne, a gaya wa madam. Na uku in ka farka ƙarfe biyun nan kar ka ɗauki waya kar kuma ka kwanta kana kokawa da lissafi, ajiye takarda da biro a gefen gado tun kafin ka kwanta ka rubuta duk abin da ke kanka da abin da za ka yi a kai gobe, ƙwaƙwalwa tana ta maimaita abu ne don tsoron kar a manta. In gaban ya faɗi ja numfashi ta hanci a hankali ka sake shi a hankali fiye da yadda ka ja, kamar kana hura koko mai zafi, sau biyar shida, fitar da numfashi a hankali yana rage gudun zuciya.

Abin da nake roƙonka kar ka yi, kar ka je kemis ka ce a ba ka maganin barci. Su baliyam ɗin nan sati kaɗan jiki yake sabawa. Haka masu haɗa maganin ciwon jiki kala uku huɗu a leda su watsa a cikin da ba komai, olsa da ciwon ƙoda suke saya da kuɗinsu. Da yawan waɗanda suka faɗa tiramol da kodin ba 'yan iska ba ne tun farko, gajiya suka je kashewa, har sai da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018.

Ɗan Gargajiya:
Duk wannan dogon turanci ne. Iyayenmu sun riƙe mata huɗu da 'ya'ya talatin ba su san wani kotisol ba. Ƙarancin tawakkali ne kawai ya yi mana yawa, mutum ya yarda Allah ne mai ciyarwa ya kwanta ya yi barcinsa.

Malamar Asibiti:
Iyayenmu da yawa sun faɗi a banɗaki an ce aljani ne ya buge su, Malam.

Ustazu:
A'a ɗan'uwa kar mu ɗora wa bawan Allah laifi a kan nauyin da yake ɗauke da shi. Annabi Yaƙub (AS) ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, yana nan cikin Suratu Yusuf, wa zai ce ba shi da tawakkali? Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu malaman tarihi shekarar baƙin ciki suke kiranta. Kuma wanda ya tambaya ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, ce masa aka yi ɗaure ta sannan ka yi tawakkali. Awon jinin nan ɗaure raƙumi ne. Salmanul Farisi ya ce wa Abu Darda Ubangijinka yana da hakki a kanka, ranka yana da hakki a kanka, iyalinka suna da hakki a kanka, aka kai wa Annabi (SAW) ya ce Salmanu ya yi gaskiya.

Ɗan Gargajiya:
Na ji Malam. Amma dai a rage kai komai asibiti.

Na Masaka:
Yaya ni naka ne sak, babba a gida kuma ma'aikaci, sai dai ni a Abuja nake aiki ina kwana a Masaka. Wanda ya san gosulon Mararraba da Nyanya ya san me nake nufi, in ban fita biyar da kwata ba to sai tara zan ga sakatariya. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000, na ajiye motata na koma bin 'yan ɗaukar hanya. An ƙara mafi ƙarancin albashi zuwa 70,000 a 2024 amma kowa ya san kasuwa ta riga mu isa can.

Duk shawarwarin da aka ba ka masu kyau ne amma ni a ganina ana ta shafa mai ne a kan ƙaya ba a cire ta ba. Ƙayar ita ce ba ka iya cewa babu. Ni ma haka nake da, kowa ya kira sai in ce bari in gani, in kashe waya in shiga neman rance, har manhajojin bashin nan na waya na ci, waɗanda in ka yi latti suke tura wa duk lambobin wayarka saƙo, surukina ma sai da ya samu, ranar na so ƙasa ta tsage. Daga nan na dawo tsarin ambulan. Ranar da alat ya shigo nake rabawa, abinci, haya da nake tarawa wata wata don kar ta zo min a dunƙule, makaranta, mota, maganin Inna, sai ambulan ɗaya na 'yan'uwa. Abin da ke cikinsa shi ne na kowa da kowa, biki ne suna ne rajista ce, in ya ƙare ran 12 ga wata to ya ƙare, wanda ya kira ran 13 zan ce masa wlh na wannan watan ya ƙare in sa ka a na gaba? Ba bari in gani. Bari in gani ɗin nan ita ce take hana ka barci, don ka ɗauki alkawari ba ka san inda za ka sauke shi ba. Waya kuma ƙarfe goma nake sa ta a yanayin kar a dame ni, lambar Inna da ta maƙwabcinta kawai na bari suna shigowa.

Ɗan Kwari:
Wannan tsarin turawa ne fa. Ƙaninka uwa ɗaya uba ɗaya ya kira ka ce ambulan ya ƙare? Babba juji ne, haka muka taso muka gani.

Na Masaka:
Juji ma in ya cika kwashe shi ake yi Alhaji. In na faɗi yau wa zai riƙe su, ambulan ɗin ko ni?

Auta:
Ni dai tun ɗazu ina karantawa raina ba daɗi. Ni ce ƙarama a zauren nan ina ga, kuma ni ce irin masu kiran da ake magana. Yayye kuna magana kamar mu mabarata ne. Kun san sau nawa nake rubuta saƙo in goge kafin in tura wa Yayanmu? Na taɓa wuni biyu a hostel da garin kwaki don kar in kira shi. Kuma gaskiya laifinku ne wani wajen, ba kwa faɗa mana komai. Yayanmu kullum cikin shadda mai maiƙo, bai taɓa cewa babu ba, mu duk mun ɗauka albashinsa ya ninka abin da yake samu sau uku, ashe shaddar ma bashi ce. Sai da matarsa ta yi min kuka a kicin na san bashin da ke kansa. Da ya zaunar da mu tun farko ya nuna mana alat ɗin wlh da yawan abin da muka tambaya ba za mu tambaya ba. Yanzu ina yin cincin da alkaki ina kaiwa shaguna, yayana mai bi masa kuma ya koyi gyaran waya a Farm Centre shi yake biyan kuɗin wutar gidan Umma. Ba mu ƙi taimakawa ba, ba a taɓa nuna mana akwai buƙata ba.

Na Masaka:
Ƙanwata ki yi haƙuri ba haka nake nufi ba. Amma kin faɗi abin da ya fi nawa.

Babban Wa:
Auta maganarki ta dake ni. Wlh ko matata ba ta san nawa nake ɗauka ba. Gani nake in suka sani girmana zai zube, kuma Baba kafin ya rasu hannuna ya riƙe ya ce ga su nan.

Hajiya Babba:
Ɗana, ni na haifi kamarka, jikata ce take rubuta min ina faɗa. Mahaifinku ya ce ga su nan, bai ce ka kashe kanka ba. Kuma kar ka ɗauka Hajiyarka ba ta gani, uwa tana ganin ramar ɗanta tun daga bakin zaure, shiru take yi don kar ta ƙara maka. Abin da ya fi ci mana rai mu iyaye shi ne yaro ya daina zuwa gaishe mu don ba shi da abin da zai ajiye a gefen tabarma. Nawa ya taɓa yin wata biyu bai zo ba, ina ta tunanin ko matarsa ce ta hana shi, ashe kunyar hannu ce. Ka je hannu rabbana ka zauna ka ci ɗumamen tuwonta ta sa maka albarka, kai ma za ka ji sanyi. Batun kayan ɗaki kuma ku zauna da ita da ƙannen mahaifinku tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. Mu da aka kai mu da gado ɗaya da 'yan kwanonin samira da tasoshi ga mu mun yi shekara arba'in da wani abu a ɗakin. Yanzu an ce sai kujeru saiti biyu da labule har bango, duk don 'yan ganin ɗaki da za su zo su taɓe baki su tafi, ko ka cika ɗakin da zinari sai sun samu abin faɗa.

Maman 'Yan Biyu:
Allah ya ƙara girma Hajiya. Yaya kuma batun matarka, ka gaya mata. Mace in ba ta san abin da ke aljihunka ba lissafin da za ta yi ya fi gaskiyar muni, ko ta ce rowa kake ko ta ce aure kake nema. Ni ranar da maigidan ya nuna min takardar albashinsa kuka na yi, a satin na shiga adashen malamai, kwasata ta fari ita ta biya kuɗin makarantar zango guda.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum 'yan Najeriya. Mu nan abin da kuke ce ma majalisa fada muke cewa, kuma shayi ne ginshiƙinta, ƙaramar buta bisa gawayi, na fari mai ɗaci na biyu daidai na ukku zaƙi, kafin a gama ukkun nan kowa ya amayar da abin da ke cikinshi. Lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yuli 2023 aka yanke muna wutar da ke zuwa daga wajenku, kaya suka yi tsada, wlh fada ce ta riƙe mu, muna da asusu kowa na zuba abin da ya samu duk sati ko dala ɗari ce, wanda matarshi ta haihu ko ɗanshi ya kwanta a ɗebo a ba shi. Ba zaman banza ba ne duka kamar yadda Maman 'Yan Biyu take gani.

Malamar Asibiti:
Asusun ya yi kyau, shayin ne matsala in dare ya yi. Sinadarin da ke hana barci a shayi da kofi da lemukan ƙarin kuzari yana ɗaukar wajen awa biyar kafin rabinsa ma ya bar jiki, wanda ya sha mai ɗacin nan ƙarfe tara na dare ƙarfe biyu yana nan da saura. Goro ma haka. Yaya in kana sha ka tsaya daga la'asar. Babba yana buƙatar barcin awa bakwai ko fiye, in dare bai ba ka ba ka ɗan yi ƙailula minti ashirin bayan azahar ko a masallacin ofis ne, kar dai ta yi tsawo.

Ɗan Damagaram:
Malama a taɓa komai a bar muna shayi

Bazazzagi:
Ni dai tawa dabarar tattabaru. Ina da guda goma sha shida a bayan gida, in na dawo aiki na watsa musu dawa na zauna a kan turmi ina kallonsu har magariba, ba mai tambayata kuɗin rajista a cikinsu. Na kuma fita daga zaure bakwai a WhatsApp, na dangin uwa na dangin uba na 'yan ajinmu na firamare, kullum hoton gawa ko katin biki da lambar akawun. Wannan ne kawai na bari saboda ina jin daɗin tsokanar Kanawa.

Mai Zaure:
Mun gode da karramawa

Malamar Asibiti:
Abu ɗaya na manta kuma shi ya fi muhimmanci, ba don Yaya kaɗai ba don duk mai karantawa a ɓoye. In mutum ya kai sati biyu kusan kullum ransa a jagule, abin da yake so da ya daina yi masa daɗi, abinci ya fita ransa ko barci ya ƙi, yana jin shi ba shi da amfani, musamman in tunanin gara ya mutu ya fara zuwa, wannan ya wuce tattabaru da tafiyar asuba, ciwon damuwa ne kuma ana maganinsa. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, akwai na tarayya a Barnawa Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Zuwa can ba ya nufin hauka, yawancin masu zuwa da ƙafarsu suke zuwa su karɓi magani su wuce aiki. Ko doka ma an canza, a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta maye gurbin tsohuwar ta 1958 da take kallon mai ciwon kamar abin ɗaurewa. Masu jego ma a sa musu ido, ba duk kukan mai jego ne shagwaɓa ko iska ba.

Ɗan Gargajiya:
Dawanau kuma? Ni Dawanau da na sani ta hatsi ce, can ma in ka ji farashi sai an wuce da kai ɗayar

Maman 'Yan Biyu:
Kai dai Allah ya shirye ka

Babban Wa:
Slm jama'a, kwana tara kenan na ce bari in dawo kar a ce na ci na goge baki. Na je awo, ranar farko 150/96, bayan kwana uku 146/92, likita ya ce in rage gishiri in ci gaba da tafiya in dawo bayan sati biyu da awon da zan riƙa rubutawa kafin ya yanke maganar magani. Tafiyar asuba na yi shida cikin tara, ran da aka yi ruwa na fasa. Ran Juma'a na nuna wa madam alat, ta yi shiru ta daɗe sannan ta ce dama abin da kake ɓoyewa kenan, wai ita duk zatonta gini nake a ɓoye. Ran Lahadi na tara ƙannena a ɗakin Hajiya na karanta musu komai har bashin da ke kaina. Ba duka ne ya tafi daidai ba gaskiya, amaryar ta tashi ta fita da kuka da aka zo maganar kujeru har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu, wani baffanmu kuma ya aiko wai na tona asirin gida a gaban yara. Amma mai bi mini ya ɗauki maganin Hajiya daga wannan watan, ban ma san yana da halin ba. Barci har yanzu ina farkawa, sai dai jiya na rubuta a takardar na koma har sai da aka tada sallah na yi firgigit. Ƙaramar kuma yau ita ta biyo ni da takalmina wai za ta raka ni zagaye, na goya ta muka kai bakin titi muka dawo.

Auta:
Yaya ka ƙyale amaryar, za ta sauko. In ka yarda turo min lambarta ta gefe in yi mata magana, mu mun fi jin yaren juna.

Babban Wa:
Sai na tambaye ta tukuna kar ta ce na kai ta zaure. Alhaji na Kwari, labule da zannuwan gado fa, in na shigo ran Asabar za a yi min farashin sari ko sai na zo da Bazazzagi ya yi min ciniki?

Ɗan Kwari:
Ka zo kai kaɗai kafin azahar. In ka zo da shi kuɗin ya ƙaru.